Tafinta: mutumin da ke cewa "ni" da bakin wani (ZARE)

1/
Duk hoton sulhu da kuka taɓa gani, shugabanni biyu suna musabaha ko wata uwa tana ba da shaida a gaban kwamiti, akwai mutum ɗaya da aka yanke daga hoton: tafinta. Yau zan yi zare a kan tarihin masu wannan aiki a fagen zaman lafiya da ƙungiyoyin agaji. Yana da ɗan tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/
Dalilin da ya sa abin ya dame ni: ni ɗalibin harsuna ne, kuma da yawa daga cikin abokan karatuna burinsu su samu aiki da ƙungiyar agaji a Maiduguri ko Yola ko Damaturu. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ake shiga ta nan ita ce tafintanci. Ana ɗaukarsa aikin "ai kana jin Turanci, zo ka taya mu". Ku biyo ni ku ga nauyin da ke cikinsa.

3/
Ita kanta kalmar "tafinta" aro muka yi daga Turanci a zamanin mulkin mallaka, lokacin da sabon Bature bai iya Hausa ba, talaka kuma bai iya Turanci ba. Tun wancan lokaci kakanninmu suka gane cewa wanda ke tsaye a tsakiya yana iya ɗaure ka da kalma ɗaya, yana iya kwance ka da ita. Amma tafintanci irin na yau, a Jamus ya kafu.

4/
Ranar 20 ga Nuwamba 1945 aka buɗe shari'ar manyan 'yan Nazi a birnin Nuremberg, da harsuna 4: Jamusanci, Turanci, Faransanci da Rashanci. Da an bi tsohon salo, wato mai magana ya yi shiru, tafinta ya maimaita, na biyu ya maimaita, na uku ya maimaita, da shari'ar ta ci shekaru ba a kai ga hukunci ba.

5/
Sai wani kanal na sojan Amurka haifaffen Faransa, Léon Dostert, wanda ya taɓa yi wa Janar Eisenhower tafinta, ya tsara fassarar nan-take: ana magana kana fassarawa a lokaci guda, kowa na saurare ta belun kunne. Kamfanin IBM ya ba da na'urori. Tafintoci 36 ne, rukuni 3, kowane rukuni mutum 12. Har fitilu aka sa: rawaya a rage gudu, ja a tsaya cak.

6/
A wannan salo babu lokacin "wai ya ce". Idan wanda ake tuhuma ya ce ya ba da umarni, tafinta cewa zai yi "na ba da umarni". Idan mai shaida ta ce an kashe 'ya'yanta, tafinta cewa zai yi "an kashe 'ya'yana". Har gobe haka ƙa'idar take. Ku riƙe wannan "ni" ɗin, domin a kanta duk zaren nan ya rataya.

7/
Babban tafintan masu gabatar da ƙara na Amurka, Richard Sonnenfeldt, shekarunsa 22 kacal. Bayahude ne da ya bar Jamus yana yaro a 1938 saboda 'yan Nazi. Shi ne ya zauna gaba da gaba da Hermann Göring a tambayoyin da aka yi masa kafin shari'a, yana ɗauko maganarsa kalma bayan kalma. Sa'an ɗan aji huɗu a jami'a fa.

8/
A Nuremberg gwamnatoci ne suka ɗauki tafintoci aiki. A Japan kuwa, wata mata ce ta mayar da tafintanci aikin sa kai don zaman lafiya. Sunanta Keiko Ogura. Tana da shekara 8 lokacin da Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945. Gidansu na da nisan kimanin kilomita 2.4 daga inda ya fashe.

9/
Kafin ƙarshen wannan shekara an ƙiyasta mutum 140,000 sun mutu a birnin. Ogura ta sha ba da labarin yadda waɗanda suka ƙone suka riƙa roƙon ruwa, ta ɗebo ta ba su, wasu suka cika a gabanta. Ta girma tana ganin kamar ita ta kashe su, ta ɓoye abin a ranta shekara da shekaru. Allah sarki.

10/
Mijinta, Kaoru Ogura, ya taɓa shugabantar gidan tarihin zaman lafiya na Hiroshima, shi ne kuma ke tarbar baƙi daga ƙasashen waje. Da ya rasu a 1979, abokinsa marubuci Robert Jungk ya nemi ita ta yi masa tafinta. Daga nan ta shiga aikin. A 1984 ta kafa ƙungiyar Hiroshima Interpreters for Peace, wato tafintocin Hiroshima don zaman lafiya.

11/
Aikinsu shi ne su tsaya tsakanin waɗanda suka tsira daga bam ɗin, da ake kira hibakusha, da baƙin da ba sa jin Japananci. Tsoho ya faɗi abin da idonsa ya gani, tafinta ya isar. A Mayun 2023 Ogura da kanta ta ba shugabannin G7 labarinta a Hiroshima. A 2024 ƙungiyar hibakusha ta Nihon Hidankyo ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya.

12/
Ni dai a ganina, shaidar da ta kai ga wannan kyauta ba za ta ƙetare teku ba in babu irin su Ogura. Wannan ita ce kyakkyawar fuskar aikin. Yanzu mu koma Turai, ƙasar Bosniya, inda tafinta ya ɗanɗana mafi munin abin da aikin nan ke iya jawowa. Mai raunin zuciya ya daure.

13/
A Afrilun 1993, ana tsakiyar yaƙin Bosniya, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 819, ya ayyana garin Srebrenica a matsayin tudun mun-tsira. Dubban Musulmin Bosniya da aka kora daga garuruwansu suna fake a can. Aka kawo dakarun kiyaye zaman lafiya, da farko 'yan Kanada, daga baya 'yan Holan.

14/
Sojojin nan ba sa jin harshen mutanen gari, don haka suka ɗauki matasa 'yan ƙasa su yi musu tafinta. Cikinsu akwai Hasan Nuhanović, wanda ɗalibin injiniya ne a Sarajevo kafin yaƙi ya rutsa da shi da iyayensa. Aka ba shi katin shaidar ma'aikacin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ku lura da katin nan.

15/
Ranar 11 ga Yuli 1995 dakarun Sabiyawan Bosniya ƙarƙashin Janar Ratko Mladić suka kama garin. Jama'a suka kwarara zuwa sansanin sojojin Holan da ke Potočari. Kimanin mutum 5,000 suka samu shiga ciki, wasu da suka ninka haka sau da yawa suka cirko a waje. Cikin waɗanda suka shiga akwai mahaifin Hasan, Ibro, da mahaifiyarsa Nasiha, da ƙaninsa Muhamed.

16/
Sojojin Holan suka haɗa jerin sunayen ma'aikatansu 'yan ƙasa da za su fice tare da su. Sunan Hasan na ciki saboda katinsa. Ya roƙa a saka sunan ƙaninsa, aka ƙi. Ranar 13 ga Yuli aka ba da umarni duk 'yan gudun hijira su fita daga sansanin. To wa zai faɗa musu da harshen da suke ji? Tafinta.

17/
Wato da bakinsa Hasan ya isar wa iyayensa da ƙaninsa umarnin su fita, alhali ya san wanda ke jiransu a bakin ƙofa. An ce wa mahaifin shi yana iya zama, saboda yana cikin wakilan 'yan gudun hijira da suka zauna da Mladić. Ya ƙi barin matarsa da ɗansa su tafi su kaɗai. Su ukun duka aka kashe. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

18/
Sama da maza da yara maza 8,000 aka kashe a 'yan kwanakin nan, kuma kotunan duniya sun tabbatar kisan ƙare-dangi ne. Hasan ya maka gwamnatin Holan a kotu. Ya sha kaye a 2008. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba shi gaskiya a Yulin 2011, Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 6 ga Satumba 2013, shekara 18 bayan abin ya faru.

19/
Hukuncin ya ce ƙasar Holan na da alhakin mutuwar mahaifinsa da ƙaninsa da wani mai gyaran wutar lantarki na sansanin, Rizo Mustafić. Abin lura a nan: muryar Hasan suke buƙata, ita suka ba kati. Mutanen da suka haife shi, waɗanda a bakinsu ya koyi harshen da ake haya, ba su shiga lissafi ba.

20/
Wata tara bayan Srebrenica, a wani ɓangare na duniya, aka sake ɗora wa tafintoci wani irin kaya. Afirka ta Kudu ta fita daga mulkin wariyar launin fata, ta kafa Hukumar Gaskiya da Sasantawa ƙarƙashin Desmond Tutu. Zaman farko na sauraron jama'a ya gudana a birnin East London ranar 15 ga Afrilu 1996.

21/
Hukumar ta karɓi bayanan mutum kimanin 21,000, kusan 2,000 suka yi magana a bainar jama'a. Masu neman afuwa sun haura 7,000, mutum 849 aka yi wa. Ƙasar na da harsunan hukuma 11 a lokacin, kuma aka ce kowa ya yi magana da harshensa. Tsohuwa daga ƙauye ta zauna ta yi Xhosa ko Zulu ko Sotho, ƙasa gaba ɗaya na saurare ta rediyo da talabijin.

22/
Wani sashe na Jami'ar Free State da ke Bloemfontein ne ya tara tafintocin, ya ba su horo na ɗan gajeren lokaci, da yawansu matasa. Sai ga su a ɗan akurkin gilashi suna yawo gari-gari. Yau kai ne uwar da ke cewa "na ga gawar ɗana". Wani zaman kai ne ɗan sandan da ke cewa "na azabtar da shi". Baki ɗaya ne ke faɗin duka biyun.

23/
Ba ƙari na yi ba. A 1997 wani ɗan sanda, Jeffrey Benzien, ya nuna a gaban hukumar yadda yake rufe kan fursuna da jiƙaƙƙen buhu har numfashi ya ɗauke, bayan ɗaya daga cikin waɗanda ya azabtar, Tony Yengeni, ya nemi ya nuna. Irin wannan bayani tafinta ke faɗa da "ni", sannan ya koma masauki ya nemi barci.

24/
Tafintocin da kansu sun yi bayani daga baya kan yadda abin ya riƙa bin su, musamman idan labarin mai shaida ya yi kama da na gidansu. Su ma 'yan ƙasar ne, wariyar ba ta tsallake unguwarsu ba. A 2006 har wasan kwaikwayo aka yi a kansu, Truth in Translation, wanda Hugh Masekela ya yi wa kiɗa.

25/
Akwai kuma haɗarin da ke komawa kan mai shaida. Notrose Konile uwa ce ga ɗaya daga cikin samari 7 da 'yan sanda suka kashe a Gugulethu ranar 3 ga Maris 1986. Ta zo daga ƙauye, ta yi magana da Xhosa, har ta kawo zancen wata akuya da ta gani a mafarki. A rubutaccen bayanin hukuma na Turanci, maganarta ta fito kamar ta wadda ta ruɗe.

26/
Wasu masana uku, Antjie Krog da Nosisi Mpolweni da Kopano Ratele, suka shafe shekara 3 suna bin asalin muryarta. Suka gano wani abu ya zube wajen fassara, wani wajen rubutawa, wani kuma sai wanda ya san al'adar ƙauyenta zai gane shi. Akuyar nan alamar mugun labari ce a wurinta. Littafinsu, There Was This Goat, ya fito a 2009.

27/
Ku auna da namu. Wata iya ta ce "gabana ya faɗi", a juya shi kalma da kalma zuwa Turanci, me zai fito? Ko ta ce "an ɓata yarinyar", tafinta ya fassara kamar ɓata suna ake nufi. Matar ta yi magana mai ma'ana, takarda ta nuna akasin haka, kuma takardar ce za ta shiga tarihi.

28/
Wannan ya kawo mu gida. A 2017 ƙungiyar Translators without Borders, ta masu fassara don ayyukan jinƙai, ta fara aiki a arewa maso gabashin Najeriya. Bincikensu a sansanonin 'yan gudun hijira ya nuna yawancin saƙonnin agaji da Hausa da Turanci ake bayarwa, alhali jama'a da yawa Kanuri ne harshensu, ga Larabcin Shuwa, ga Fulatanci, Margi, Bura da sauransu.

29/
Waɗanda aka fi bari a baya su ne matan da ba su yi boko ba. Nan ya kamata mu masu jin Hausa mu tsaya mu duba. Mun saba ɗauka cewa kowa a Arewa yana jin Hausa. Hausar ciniki a kasuwa daban, Hausar da mace za ta faɗi abin da aka yi mata a daji daban. Ta gyaɗa kai ba ya nufin ta gane.

30/
Ko a cikin Hausar ma akwai rami. Afuwa, yafiya, sulhu, sasanci: ba abu ɗaya ba ne. Gwamnati na iya yin afuwa, amma yafiya haƙƙin wanda aka zalunta ne. Jami'i ya ce an yi wa wane afuwa, tafinta ya ce "an yafe masa", to ya yi kyauta da abin da ba nasa ba, a gaban mai shi.

31/
Haka kalmar "tubabbu" da ake kiran waɗanda suka bi ta shirin Operation Safe Corridor, wanda aka fara a 2016, mai sansani a Malam Sidi, jihar Gombe. Tuba kalma ce ta addini mai nauyi. Wanda aka kashe wa uba, idan aka ce masa "ai ya tuba", kusan an rufe masa baki ke nan. Zaɓen kalma ɗaya ya shiga cikin shari'ar.

32/
To duk da wannan nauyi, wace kariya tafinta ke da ita? 'Yan jarida a fagen yaƙi suna da ƙudurorin Kwamitin Sulhu da suka ambace su da suna, 1738 na 2006 da 2222 na 2015. Ƙungiyar Red T, wadda aka kafa a 2010, ta daɗe tana fafutukar a yi wa tafintoci irinsa. A 2017 dai Majalisar ta ware musu rana, 30 ga Satumba.

33/
Rana kuwa ba ta fitar da kowa daga haɗari. Mun ga Afganistan a Agustan 2021: jirage suka tashi, tafintoci da dama suka rage a ƙasa da iyalansu. Baƙo yana da tikitin komawa gida. Tafinta gidansa ke nan. Duk wanda ya ji haushin saƙon, fuskar tafinta ya sani, unguwarsu ya sani, har makarantar ƙannensa ya sani.

34/
Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan aka kira ku wannan aiki, ku yi tambaya kafin ku sa hannu. Za a ba ni horo? Akwai jerin kalmomi da aka amince da su? Minti nawa zan yi kafin a canje ni? Idan na kwana ina jin labarin kisa da fyaɗe, wa zan yi magana da shi? In gari ya rikice, ni da iyalina muna cikin lissafi?

35/
Ku ma kuna da naku haƙƙin da za ku sauke. Ba ƙari, ba ragi, ba gyara wa mutum magana don ta yi daɗin ji. Abin da ba ka gane ba, ka tsaya ka tambaya, ba abin kunya ba ne. Sirrin da ka ji a ɗaki ya mutu a ɗakin, kada ya zama hirar majalisa. Inda mace ce za ta faɗi abin da aka yi mata, a nemo mata mace.

36/
Ƙungiyoyi kuma, ku daina jawo direba ko mai gadi ko yaron da ke wucewa ku ce ya fassara. Ku sa tafintanci a kasafin kuɗi tun farko, kamar yadda kuke sa mota da man fetur. Mu kuma masu Kanuri, Fulatanci, Shuwa, Margi ko Bura a baki, mu riƙe su da kyau. Akwai ranar da ran wani zai dogara a kansu.

37/
Nan zan tsaya. Idan ka taɓa yin tafinta a sansani, asibiti, kotu ko zaman sulhu, wace kalma ce ta fi ba ka wahala? Ku ajiye a ƙasa, ba sai kun kama sunan kowa ba, mu ƙaru da juna. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.